Tarihin Sisili Sondas, Mai Jinyar Masu Ciwon Ajali

Filin tarihin mashahuran mutane na wannan mako ya tsaya bisa wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ake faɗin sunanta Sisili Sondas. Aikin da ta ba rayuwarta duka shi ne jinyar mutanen da likitoci sunka fid da tsammanin warkewarsu. A zamanin da ta fara aiki, idan anka tabbata ciwon mutum ba ya jin magani, sai a kai gadonshi can ƙarshen ɗaki, a ja labule, manyan likitoci su riƙa wucewa da sauri, dangi kuwa a gaya musu babu sauran abin yi. Ita ce ta nuna da aiki da hujja cewa ko magani ya kasa, jinya ba ta ƙare ba. Akwai zafin ciwo da za a kashe, akwai tsoro da za a kwantar, akwai kuma iyali da za a tallafa, tun mai ciwo yana da rai har bayan an rufe shi.

Haihuwarta da karatunta

An haifi Sisili ran 22 ga watan Yuni 1918, a garin Barnet, arewa da birnin Landan. Ita ce babba cikin ƴaƴa uku. Ubanta mai hali ne, sana'arshi auna filaye da cinikin gidaje, saboda haka ba ta san talauci ba. Amma gidan ba shi da daɗin zama, don uwa da uba ba su jituwa, har daga baya sunka rabu. Ita kanta yarinya ce doguwa ƙwarai, mai kunya, ga kuma lahani a ƙashin bayanta. Tun tana makarantar kwana ta san yadda mutum ke ji idan an bar shi gefe guda.

Cikin 1938 ta shiga jami'ar Oxford tana karatun siyasa da tattalin arziki da falsafa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, sai ta ga wannan karatu ba ya amfanin kowa cikin irin wannan hali. Ta bar jami'a cikin 1940, ta shiga makarantar koyon jinya ta asibitin Saint Thomas a Landan, wato makarantar da Florence Nightingale ta kafa cikin 1860. Lokacin magunguna kaɗan ne, abin da ma'aikaciyar jinya ke da shi sai hannunta da haƙurinta da kunnen sauraro. Ta gama cikin 1944, amma ɗaukar marasa lafiya da tsayuwar dare sun ƙara ɓata mata baya, har likita ya hana ta aikin. Anka yi mata aiki a baya, ta koma Oxford ta ƙare karatunta. Cikin 1945 ta riƙe addinin Kirista da ƙarfi, ta kuwa tsaya bisa shi har mutuwarta. Cikin 1947 ta samu takardar ma'aikaciyar taimakon jama'a ta asibiti, wadda aikinta shi ne duba halin zaman maras lafiya da iyalinshi: kuɗin gida, wurin kwana, da wanda zai kula da shi in an sallame shi.

Baƙon da ya bar mata fam 500

Cikin wannan aiki ne ta gamu da wani mutumin ƙasar Polan, Bayahude, mai suna David Tasma. Daga birnin Warso ya zo, yana aikin kai abinci a wani gidan cin abinci na Landan. Shekarunshi 40, ba mata, ba ɗa, ba dangi a kusa, ga ciwon sankara ya kama shi yadda ba a iya yin aiki a cire. Da ya tambaye ta ko mutuwa zai yi, ba ta ɓoye mishi ba. Ta riƙa ziyartarshi a asibitin Archway cikin watanni biyu na ƙarshen ranshi. Abin da ya fi cin ran mutumin shi ne ganin zai bar duniya ba tare da ya bar wani abin da za a tuna shi da shi ba. Sunka yi ta shawara tsakaninsu bisa irin gidan da ya kamata a gina domin masu ciwo irin nashi, inda za a kashe musu zafin ciwo, a kuma ba su lokaci su shirya zuciyarsu. Ya rasu ran 25 ga watan Fabrairu 1948. Ya bar mata wasiyyar fam 500, da fatan kuɗin su zama taga guda cikin wannan gida da ba a ko aza tubalinshi ba. Shekara 19 ta yi tana riƙe da wannan amana kafin ta cika ta.

Bayan rasuwarshi, sai ta riƙa zuwa aikin sa kai da maraice a gidan Saint Luke, wani gida na Landan da anka keɓe domin talakawa masu ciwon ajali. Nan ta ga abin da ba ta taɓa gani ba a manyan asibitoci. Masu jinyar gidan suna ba da maganin kashe zafi bisa agogo, ba su jira sai maras lafiya ya yi kuka ya roƙa. Mutane suna kwance cikin natsuwa, hankalinsu na tare da su, suna hira da baƙinsu.

Ta so ta koma jinya ɗungum. Amma wani likitan fiɗa da take aiki ƙarƙashinshi, Norman Barrett, ya ba ta shawara ta koyi likitanci, domin likitoci ne ke juya wa masu mutuwa baya, ba su kuwa za su saurari ma'aikaciyar jinya ba. Ta ji shawarar. Tana da shekara 33, cikin 1951, ta sake zama ɗaliba tare da yaran da ta girme da nisa. Ta fito likita cikin 1957. Ta haka ta haɗa sana'a uku, kowace ta koya mata duban maras lafiya ta wata fuska: jikinshi bisa gado, gidanshi da iyalinshi, da kuma cutar da maganinta.

Shekara bakwai a gidan Saint Joseph

Daga 1958 zuwa 1965 ta yi aiki a gidan jinya na Saint Joseph, cikin unguwar Hackney, unguwar talakawan Landan. Matan zumunta na ɗariƙar Katolika, ƴan asalin ƙasar Ailan, ke riƙe da gidan. Nan ta rubuta bayanin marasa lafiya 1.100 ɗaya bayan ɗaya, da irin maganin da anka ba kowane, da yadda ya karɓe shi. Takan aje na'urar ɗaukar magana kusa da gado, da yardar mai ciwo, don abin da ya faɗa da bakinshi shi zama darasi ga likitoci. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba mishi.

Ga yadda ta bayyana sha'anin magani. Morfin, wanda ake fitarwa daga wata fure da ake nomawa a ƙasashen Asiya da wasu wurare, shi ne babban maganin zafin sankara. Idan an sha shi ta baki, ƙarfinshi yakan kai wajen awa 4. A asibitocin wancan zamani ana jin tsoronshi, kada mutum shi kamu da shanshi, saboda haka sai a hana shi har zafi shi yi tsanani, sa'an nan a yi allura mai yawa wadda za ta gusar da hankali. Da ƙarfin allurar ya wuce, zafi ya dawo, sai mai ciwo shi sake roƙo. Tsoron dawowar zafin kanshi yana ƙara zafin. Sisili ta juya tsarin. Ana auna gwargwadon abin da ya ishi kowane mutum, a ba shi ta baki duk bayan awa 4, dare da rana, tun zafin bai farka ba. Da haka mai ciwo ya huta da roƙo, yana barci, yana cin abinci, yana gane ƴaƴanshi. Tare da wannan akwai kula da amai, da ƙullewar ciki, da sarƙewar numfashi, da gyambon kwanciya, da bushewar baki, waɗanda mafi yawansu aikin hannun masu jinya ne.

Abu na biyu da ta gano ya fi na farko faɗi. Wata rana ta tambayi wata mata inda ke mata ciwo. Matar ta nuna ciwon ya fara daga baya ne, amma yanzu ba wani wuri a jikinta da ranta da ke daidai. Ta kawo zancen mijinta da ɗanta, waɗanda ke fashin aiki don su zauna da ita, kuɗin gida na raguwa. Daga irin wannan magana Sisili ta fitar da koyarwar da ta rubuta cikin 1964, cewa ciwon mai ciwon ajali dunƙulalle ne, mai kashi huɗu. Akwai na jiki. Akwai na zuciya, wato tsoro da baƙin ciki da fushi. Akwai na zaman duniya, wato bashi da abincin iyali da makomar yara. Akwai kuma na ruhi, wato tambayar mutum game da abin da ya aikata da abin da zai tarar. Waɗannan huɗu suna ciyar da juna. Uban da ke tunanin wanda zai riƙe marayunshi ba zai samu barci ba, ko an cika shi da magani. Saboda haka ta kafa ƙa'ida cewa abin jinya shi ne mai ciwo da iyalinshi gaba ɗaya. Abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa.

Ita kanta ta ɗanɗani rashi cikin waɗannan shekaru. Cikin 1960 ta shaƙu ƙwarai da wani maras lafiya na gidan, shi ma mutumin Polan, mai suna Antoni Michniewicz, ya kuwa rasu cikin watan Agusta na shekarar. Cikin 1961 ubanta ya rasu. Ta daɗe cikin baƙin ciki mai nauyi, ta kuma gane da kanta cewa wahalar dangi ba ta ƙarewa ranar jana'iza.

Gidan Saint Christopher

Tun 1959 ta rubuta tsarin gidan da take so, ta riƙa aika shi ga masu hali da ƙungiyoyin taimako da hukumomin lafiya. Shekara da shekaru tana neman kuɗi, tana rubuta wasiƙu, tana lacca tana nuna hotunan marasa lafiya kafin a fara musu wannan jinya da bayan an fara. An soma gini cikin 1965 a unguwar Sydenham, kudu da Landan. Cikin watan Yuli 1967 anka buɗe gidan Saint Christopher da gado 54. Anka sa tagar David Tasma wajen mashigar gidan, ta gilashi fari marar ado, da ɗan allo mai tuna sunanshi.

Gidajen masu ciwon ajali sun riga wannan gida. A Faransa, wata mata da mijinta da ƴaƴanta biyu sunka mutu tana da ƙuruciya, Jeanne Garnier, ta kafa ƙungiyar mata masu irin wannan aiki a birnin Lyon tun 1842. Abin da Sisili ta ƙara shi ne haɗa tausayi da ilmi: a gida ɗaya ana jinya, ana bincike, ana kuma koyar da likitoci da masu jinya. Ana karɓar kowa, mai addini da maras addini, ba a tilasta wa kowa ibada. Ba a ƙayyade wa dangi ƴan mintocin ziyara kamar sauran asibitoci ba. Ana shigowa da yara su ga kakanninsu. Ana koya wa mata yadda za ta juya mijinta bisa gado, ta jiƙa mishi baki, don kada ta zama ƴar kallo. Idan lokaci ya gabato, ana gaya wa dangi abin da za su gani na canjin numfashi da yawan barci, don kada su firgita, ana kuma ƙoƙari kada mutum shi cika ba kowa kusa da shi.

Game da faɗin gaskiya, hanyarta ita ce a bar mai ciwo shi ja zancen. Wanda ya tambaya ba a yi mishi ƙarya, wanda bai tambaya ba ba a ɗora mishi abin da bai shirya ɗauka ba. Ta lura cewa idan dangi da likita sunka haɗa baki sunka ɓoye, sau da yawa mai ciwo ya riga ya gane, sai shi zauna da saninshi shi kaɗai, ba wasiyya, ba neman gafara, ba ban kwana.

Cikin 1969 gidan ya fara aika masu jinya cikin unguwanni, domin mutane da yawa sun fi son su ƙare kwanansu a ɗakinsu. Wata likita mai suna Mary Baines ta shugabanci wannan aiki. Farkon shekarun 1970 anka kafa sashen kula da dangin mamaci, da taimakon wani likitan tunani, Colin Murray Parkes, inda ake bin sawun matan da sunka rasa maza da sauran waɗanda rashi ya fi yi wa nauyi. Daga 1971 kuma likita Robert Twycross ya yi bincike a gidan, ya tabbatar da cewa morfin da ake sha ta baki bisa ƙa'ida yana kashe zafin sankara ba tare da ya mai da maras lafiya mashayi ba.

Duk tsawon rayuwarta Sisili ta ƙi yarda da dokar da za ta ba likita izinin gaggauta mutuwar maras lafiya. Hujjarta ita ce, mafi yawan masu roƙon a kashe su zafi ne ya ishe su, ko kuwa suna ganin sun zama kaya bisa iyalinsu, kuma irin wannan doka za ta matsa wa tsofaffi da raunana. Ta ƙi kuma a riƙa wahalar da mai mutuwa da aikin da ba zai amfane shi ba. Waɗanda sunka yi aiki da ita sun shaida tana da tsanani, ba ta haƙuri da sakaci, ba ta kuwa sakin ragama da sauƙi. Amma bakin gado takan ja kujera ta zauna, ta saurara kamar ba ta da wani aiki.

Yaɗuwar aikin

Cikin 1963 ta tafi Amurka ta yi lacca a jami'ar Yale. Shugabar makarantar jinya ta wurin, Florence Wald, ta kama hanyar, har anka kafa irin wannan aiki na farko a Amurka cikin 1974. A Kanada, likita Balfour Mount, wanda ya zo ya ga Saint Christopher da idonshi, ya buɗe sashe na musamman cikin babban asibiti a birnin Montreal cikin 1975, ya nuna ba lalle sai an gina gida dabam ba. A Afirka, aikin ya fara a ƙasar Zimbabwe cikin 1979. A Faransa an buɗe sashe na farko cikin asibiti a birnin Paris cikin 1987. Cikin 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da jagorar kashe zafin sankara mai hawa uku, daga magani mai sauƙi zuwa morfin, ta baki, bisa agogo. A Uganda, likita Anne Merriman ta kafa aikin cikin 1993 da garin morfin da ake damawa da ruwa a zuba cikin kwalba, mai arha ƙwarai. Cikin 2004 gwamnatin ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da anka horar izinin rubuta shi, saboda ƙarancin likitoci a karkara.

Sisili ta samu girmamawa mai yawa. Cikin 1981 anka ba ta kyautar Templeton, cikin 1989 kuma Sarauniyar Ingila ta sa ta cikin ƙungiyar girmamawa wadda ba ta wuce mutum 24. Ta yi aure cikin 1980, tana da shekara 61, da wani mai zane ɗan Polan, Marian Bohusz-Szyszko. Da tsufa da ciwo sunka kama shi, ita ta yi jinyarshi, ya rasu a Saint Christopher cikin 1995. Ta sauka daga shugabancin likitocin gidan cikin 1985, amma ba ta bar zuwa ba. Daga ƙarshe sankarar nono ta kama ta. Ta kwanta a gidan da ta gina, hannun ma'aikatan da anka horar bisa koyarwarta, ta rasu ran 14 ga watan Yuli 2005, tana da shekara 87.

Abin da ya rage

Cikin 2014 babban taron OMS, wanda Nijar ke cikin ƙasashenshi, ya zartar da ƙuduri cewa irin wannan jinya ta shiga cikin tsarin kiwon lafiya na kowace ƙasa. Duk da haka, bisa ƙididdigar da hukumar ta bayar cikin 2020, mutum wajen miliyan 56,8 ke bukatarta kowace shekara, kashi 14 cikin 100 kaɗai ke samu, mafi yawan marasa samu kuwa a ƙasashe matalauta suke.

A ƙasar Hausa, wani sashe na abin da Sisili ta sha wahala kafin ta dawo da shi cikin asibitocin Turai bai taɓa ɓacewa ba. Duk wanda ya shiga babban asibiti a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai zai ga dangi da tabarminsu da kwanukansu, suna kwana suna tashi saboda mutum guda. Ana duba maras lafiya, ana tuna mishi kalmar shahada, ana zaman makoki, ana ta'aziyya. Sashen da ya rage shi ne na ilmi da tsari: maganin kashe zafi da zai isa har likitar ƙauye, ma'aikacin da ya san awonshi da lokacinshi, da wanda zai zauna da dangi shi yi musu bayani da harshen da suke ji. Wannan nauyi yana bisa hukumomi da makarantun koyon jinya. Ma'aikacin lafiya kuwa, ran da zai sallami wanda ciwonshi ya gagara, ya kamata shi haɗa dangi da magani da bayanin yadda za su ba da shi, da ranar da za su komo. Allah shi ba marasa lafiya sauƙi, shi ba masu jinyarsu haƙuri da lada.